Gaggawa Aikin Shaiɗan: Kariya Ga Fim Ɗin The Witch Da Tuhuma A Kansa

A wani dare bayan an kammala jarrabawar zango, mun taru mu bakwai a ɗakin wani abokinmu domin kallon fim ɗin ban tsoro mai suna The Witch, wato Mayya. Kafin a kai rabi mutum uku sun sulale, ɗaya ya yi barci, wanda ya kawo fim ɗin kuwa ya dinga ba da haƙuri kamar wanda ya yi wa baƙi tuwo babu miya. Hukuncin da aka yanke a wurin shi ne fim ɗin yana da nawa, babu abin firgita a cikinsa, kuma ɓata lokaci ne. Na ƙi yarda a daren, har yau ban yarda ba. Ra'ayina shi ne abin da abokaina suka kira aibi shi ne babbar nasarar fim ɗin, aibinsa na gaskiya kuwa yana wani wuri da ba wanda ya duba.

Bari in fara gabatar da shi ga mai karatun da bai gan shi ba. Wani Ba'amurke mai suna Robert Eggers ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. An fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a shekarar 2015, inda Eggers ya ci lambar gwanin bayar da umarni, sannan aka sake shi a gidajen sinima a 2016. An ɗauke shi a lardin Ontario na ƙasar Kanada da kuɗin da suka kai kimanin dala miliyan 4, ya kuma dawo da kimanin miliyan 40. Tsawonsa bai wuce sa'a ɗaya da rabi da 'yan mintoci ba.

Labarin ya faru ne a wajajen 1630 a yankin da Turawan Ingila suka mamaye a Amurka suka raɗa masa suna Sabuwar Ingila. Wani magidanci mai suna William ya yi saɓanin aƙida da shugabannin garinsu, 'yan ɗariƙar Kirista masu tsauri da ake kira Puritan, aka kore shi. Ya kwashi matarsa Katherine da 'ya'yansa ya kafa gona a bakin wani ƙungurmin daji. Wata rana babbar 'yarsa Thomasin tana wasan rufe ido da ƙaninta jariri Samuel, ta buɗe ido ta ga wayam. Daga nan masarar gonar ta ruɓe, akuya ta ba da jini maimakon nono, ƙaninta Caleb ya ɓata a daji ya dawo tsirara ya mutu, zargi kuma ya yi ta zagaye gidan har ya sauka a kan Thomasin.

To, ina nawar take? Gaskiya ne babu dodon da ke faɗowa daga bayan ƙofa kowane minti biyar, babu ƙarar da ke sa mutum ya zabura ya zubar da shayi. Amma ya kamata mu bambance firgita da tsoro. Firgita ta jiki ce, ko faɗuwar kwano a tsakar dare tana haifar da ita, kuma da zarar an yi dariya ta wuce. Tsoro kuwa sai an dasa shi an yi masa ban ruwa. Eggers ya nuna mana mayyar tun a mintocin farko, ya nuna abin da ta yi da jaririn, sannan ya ɗauke ta daga idonmu na tsawon lokaci. Daga wannan lokaci kowace bishiya da kowane zomo sun zama abin zargi, domin mun san abin da iyalin ba su sani ba. Mai kallo yana zaune da wannan sani kamar mai riƙe da garwashi a tafin hannu.

Bayan haka, lokacin da abokaina suka ɗauka an ɓata shi ne lokacin da ake gina rushewar gidan. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fim ɗin nan nazari ne na yadda bango ke tsagewa. William ya ɗauki kofin azurfar matarsa a ɓoye ya musanya shi da tarkon farauta, ya kuma yi shiru yana kallo ana tuhumar 'yarsa da ɓatar da shi. Bai iya noma ba, bai iya harbi ba, abin da ya iya kawai faskare ne, shi ya sa duk lokacin da abin duniya ya ishe shi sai ya ɗauki gatari. Caleb yana fama da tambayar da uban ya kasa amsawa, wato ko ƙaninsa da ya ɓata ba a yi masa baftisma ba yana wuta. Thomasin kuma, domin ta tsorata ƙanwarta Mercy mai tsiwa, ta ce mata cikin wasa ita ce mayyar daji, wannan wasa kuwa shi aka ɗaure ta da shi daga baya. Waɗannan abubuwa ba sa yiwuwa a guje. Da an hanzarta su, da mutuwar mutanen nan ba ta dame mu ba, don ba mu san su ba. A ƙarshe, lokacin da baƙin bunsurun gidan, Black Phillip, ya soke William, tulin itacen da ya yi ta faskarawa ne ya rufto masa. Wanda bai yi haƙurin kallon faskaren ba, ba zai ji nauyin wannan ba.

Haka kuma dole a yaba aikin ido da na kunne. Mai ɗaukar hoto Jarin Blaschke ya dogara ne da hasken rana da na kyandir, har mai kallo ya gane cewa a zamanin da babu lantarki dare wata ƙasa ce ta daban. Mark Korven ya yi kiɗan da ke shiga jiki kamar sanyin hunturu. Anya Taylor-Joy, wadda ta fito a matsayin Thomasin, daga wannan fim tauraruwarta ta fara haske.

Ban ce ba shi da ƙananan aibobi ba. Eggers ya tsamo yawancin maganganun 'yan wasa daga rubuce-rubucen ƙarni na 17, irin su littattafan ajiyar tarihin rayuwa da bayanan kotu, sakamakon haka Ingilishin ya yi tsauri ko ga masu harshen, balle mu da muka koye shi a aji. Duhun wasu wurare ma ya yi yawa ga mai kallo a ƙaramin allon kwamfuta. Waɗannan duk targaɗe ne. Karayar tana ƙarshen fim ɗin.

Ga yadda ya ƙare. Bayan kowa ya mutu ko ya ɓata, bayan Thomasin ta kashe uwarta a ƙoƙarin kare kanta, sai ta bi bunsurun ta roƙe shi ya yi magana. Ya kuwa yi. Ya yi mata tayin man shanu da kyakkyawar riga da ganin duniya, ta amince a sa sunanta a littafinsa, ta shiga daji ta tarar da mayu suna rawa a gefen wuta, ta tashi sama tare da su tana dariya. Ma'anar wannan ita ce akwai mayya a dajin, bunsurun Shaiɗan ne, kuma yarinyar da aka zarga ta zama abin da aka ce ita ce. Fim ɗin ya shafe fiye da sa'a guda yana koya mana yadda yunwa da kaɗaici da girman kai ke sa iyali su cinye ɗansu, sannan a minti na ƙarshe ya miƙa wa masu zargi hujjar da tarihi ya hana su.

Na ce tarihi ya hana su domin wannan yanki ba tatsuniya ba ne. A 1647 aka rataye Alse Young a Hartford bisa zargin maita. A 1692, a garin Salem da kewayensa, an zargi mutane fiye da 150, aka rataye 19, mata 14 da maza 5, aka danne wani tsoho mai suna Giles Corey da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi amsa tuhuma. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a bainar jama'a, a 1711 kuma hukuma ta amince da biyan diyya ga iyalan wasu daga cikin waɗanda aka zalunta. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tashi sama. Marubucin nan Arthur Miller, a wasan kwaikwayonsa The Crucible na 1953, ya gane cewa abin tsoro a Salem yana kan kujerar alƙali da bakin mai shaida. Eggers ya hango wannan gaskiya, ya kusa kama ta, sai ya sake ta.

Masu kare shi suna da hujjoji biyu. Ta farko, sun ce ai shi da kansa ya kira fim ɗin tatsuniyar Sabuwar Ingila, manufarsa ita ce ya sa mu ga mugun mafarkin mutanen wancan zamani da idonsu. Na karɓi rabin wannan. Sai dai tatsuniya tana da alamar da ke sanar da mai sauraro cewa gizo da ƙoƙi ba maƙwabtansa ba ne. Fim ɗin da ya wahala wajen daidaita sutura da gini da harshe da na tarihi ya riga ya ɗauki rigar shaida, ba zai cire ta a ƙarshe ya ce wasa yake yi ba. Hujja ta biyu ita ce wai tashin Thomasin sama 'yanci ne daga danniyar uba da ta addini. Wannan ma ba ta karɓu ba. Yarinyar da ba ta da uwa ba ta da uba, ba abinci, ba garin komawa, ba zaɓi ta yi ba. Ta yi gudun gara ne ta faɗa gidan zago, ta bar hannun wani mai iko ta shiga hannun wani.

Wani zai ce me ya yi zafi a kan fim? Abin da ya yi zafi shi ne mu ba 'yan kallon Sundance ba ne, waɗanda maita ta zame musu tsohon labari. A cikinmu da wuya a sami wanda bai taɓa jin an ce wata tsohuwa ta kama kurwar yaro ba, an taru a ƙofarta ana tilasta mata ta tsallaka shi. A 2020 an kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, da duka a garin Kafaba na ƙasar Gana, mutane suna tsaye suna kallo. Wanda ake nunawa da yatsa kusan kullum shi ne marar gata, tsohuwa ko bazawara ko maraya. A irin wannan wuri, labarin da ya ƙare da cewa ashe dai masu zargi ba su yi kuskure ba yana da nauyin da mai shi bai auna ba.

Saboda haka ina kira ga abokaina da suka sulale su koma su kalli The Witch har ƙarshe, cikin natsuwa, domin sannu ba ta hana zuwa, kuma marubutanmu masu tasowa za su koyi yadda ake dafa tsoro a kan ƙaramar wuta. Amma su kalle shi da ido biyu. In sun zo wurin da Thomasin ta zauna ita kaɗai a cikin gidan da ya zama kango, rigarta jina-jina, ta kifa kai a kan tebur, su dakata su yi tunani. A nan ne ya kamata fim ɗin ya ƙare, a bar mu da tambayar wane ne ainihin mayen da ya cinye gidan William.