Ilmi Da Sana'a: Bangon Kankare Mai Rigar Soso

 A wannan karo za mu duba wani salon gini ne wanda 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka suke yawan kawo labarinsa in sun zo ganin gida, har wasunsu suna cewa da shi suke so a yi musu gini. Da Faransanci ana ce masa coffrage isolant, masu Ingilishi kuwa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, wato ICF. Mu dai bari mu kira shi bango mai rigar soso. Tun da yake yawancinmu sau ɗaya muke gina gida a rayuwa, kuma da kuɗin da aka daɗe ana tarawa, ya kamata mutum ya san abin da zai saya kafin ya kwance bakin jaka.

Kowa ya san yadda ake zuba kankare a wurinmu. Kafinta ya haɗa akwatin katako, a sa rodi a ciki, a zuba, bayan 'yan kwanaki a ɓamɓare katakon. To a wannan salo, maimakon katako ana amfani da farin soson nan ne marar nauyi wanda muke tararwa cikin kwali in mun sayi rediyo ko talabijin. Ana ƙera shi kamar manyan bulo masu rami a tsakiya, fai-fai biyu na soso, kowane mai kaurin kamar santimita 6, da 'yan sandunan roba masu riƙe su. Sai a jera su ɗaya bisa ɗaya ba tare da siminti ba, domin suna da haƙora masu shiga juna. A jera rodi a tsaye da kwance, sa'an nan a cika ramin da kankare mai kaurin santimita 15 ko 20. Idan ya bushe ba a cire soson. Nan zai zauna muddin ran gidan, ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

Abin ba sabo ba ne a wurin masu shi. A farkon shekarun 1950 ne kamfanin BASF na Jamus ya fito da wannan soso da sunan Styropor. A 1966 kuma wani ɗan kwangila a Kanada mai suna Werner Gregori ya nemi a yi masa rajistar bulon soso na zuba kankare. Abin da ya dame su a can shi ne sanyin hunturu da kuɗin ɗumama ɗaki. Shi wannan soso kusan kashi 98 cikin 100 nasa iska ce tsare cikin ƙananan ƙwayoyi, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta barin zafi ya wuce da sauƙi. Idan kauri ɗaya ne, zafin da ke ratsa kankare ya ninka wanda ke ratsa soso fiye da sau arba'in.

Ta wajen ƙarfi ma ba a raina shi. A watan Oktoba na 2018, lokacin da guguwar Michael ta share garin Mexico Beach a jihar Florida ta Amurka, wani gida a bakin teku ya tsaya alhali na kewaye da shi sun rushe, kuma bangonsa irin wannan ne. Amma fa a lura, kankaren da rodin ne suka riƙe shi, tare da dogayen ginshiƙan da aka kafa cikin ƙasa. Soso ba ya ɗaukar nauyin komai.

To yanzu sai mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Garwa ko Marwa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura awo 40, ya san bangon yakan sha rana yini guda, ya kwana yana amayo ta a kan masu barci. Kakanninmu da suka yi soraye da tubali da azara ba su sha wannan wahala kamar mu ba, saboda kaurin ƙasa yana jinkirta zafi. Saboda haka in aka ce ga bangon da ke tare zafi, dole mu saurara.

Sai dai bango mai rigar soso kamar fulas ɗin shayi yake. Abin da ka zuba masa shi yake riƙe maka, ko mai zafi ko mai sanyi. A ƙasashenmu rana tana bi ta tsakar ka ne, don haka a gidan da ba bene ba, kwano ne babbar ƙofar zafi. Wanda ya kashe dukiyarsa a bango ya bar kwano tsirara babu silin, kuma ya buɗe manyan tagogin gilashi suna duban yamma, zafi zai shiga ta sama ya rasa ta inda zai fita. Wanda zai fi cin moriyarsa shi ne mai na'urar sanyaya ɗaki, domin sanyin ba zai tsere ba, kuɗin lantarki kuma zai ragu. Wanda ba shi da ita, gara ya fara da sa silin mai kyau da abin tare zafi a bisansa, ya faɗaɗa bakin rufi ya yi wa bango inuwa, ya sa tagogi masu duban juna, ya dasa darbejiya ta yamma. Wannan ya fi araha nesa ba kusa ba.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. In an cire katako, mai gida yakan ga kankarensa da idonsa, inda ya yi rami a cike. A wannan salo kuwa soso ya rufe komai har abada. In an rage siminti, ko an tsallake rodi, ko kankaren ya maƙale ya bar kogo a ƙarƙashin taga, babu mai gani sai ranar da ta ɓaci. Saboda haka ranar zubi ita ce ranar hisabin ginin. A ƙirga rodi kafin a zuba. A yi amfani da ƙananan tsakuwa yadda kankaren zai sauka ko'ina, kuma kada a cika masa ruwa don neman sauƙi. Mita guda ta kowane gefe na kankare tana da nauyin kilo kusan 2,400, in aka antaya shi gaba ɗaya soson ƙasa zai fashe. Shi ya sa ake zubawa hawa-hawa, kamar mita ɗaya da 'yan kai a kowane zagaye, bayan an tokare bangon da kyau an daidaita shi da igiya. A can da famfon kankare suke yi. Mu da muka saba da kwanon lebura, sai an tanadi isassun hannuwa da injiniyan da ya taɓa yin aikin. Alherinsa ɗaya a nan shi ne soson yana hana kankare bushewa da sauri, ko da cikin iskar hunturu, ya samu kwanakin nan 28 da yake bukata kafin ya yi ƙarfi sosai.

Sa'an nan soson yana da abokan gaba. Wuta tana narkar da shi ya yi baƙin hayaƙi mai cutarwa, shi ya sa dokar gini a Amurka ta wajabta a rufe shi ta ciki da abin da zai tare wuta na minti 15, kamar allon jibsin. Mu masu girki da gawayi da gas bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Fetur yana cinye shi, rana ma tana mai da shi gari in an bar shi ba filasta, alhali kuwa mun saba fara gini mu bar shi shekara biyu muna jiran kuɗi. Gara ba ta cin sa, amma tana haƙa hanya a cikinsa a ɓoye har ta kai ga katakon rufi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ita gara ba ta jiran tsaga. A bar tazara tsakanin soson da ƙasa inda ido zai riƙa gani.

Batun kuɗi kuma, in daga waje za a kawo shi, a tuna abu ne marar nauyi mai cin wuri. Daga tashar jirgin ruwa ta Duwala zuwa Garwa ya wuce kilomita 1,000, mai mota kuwa cikar motarsa yake sayarwa. A sa wannan cikin lissafi tun daga farko, tare da siminti da rodin da bangon zai ci, waɗanda suka fi na ginin bulo yawa.

Shawarata ga ɗan'uwan da ke waje yana aiko da kuɗi ita ce, kada ya ba da wannan aiki sai in yana da amintaccen mutum wanda zai tsaya a kai ranar zubi, kuma ya nemi maginin ya nuna masa ginin da ya taɓa yi, domin gani ya kori ji. Allah Ya ba mai nema, Ya sa albarka a abin da aka samu.