A ba ma'aikaci Kirista Juma'arsa guda

A ƙasashen Turai idin Ista yana zuwa ne lokacin da sanyi ya kau, itatuwa suka fara toho. A Dakoro kuwa yana faɗowa tsakiyar bazara, sa'ad da ruwan rijiyoyi ya yi nisa, rumbuna suka fara sauƙi, makiyaya kuma suka duƙufa neman ciyawa. Ranar ba ta tsayawa wuri guda: ita ce Lahadin farko bayan cikar wata na 21 ga Maris ko wanda ya biyo baya, saboda haka ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato zuciyar zafi ke nan a ƙasarmu.

Ƴan Katolika ba su da yawa a wannan yanki, kuma galibinsu aiki ne ya kawo su: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, soja, ko mai sana'a daga ƙasashen gaɓar teku. Domin ƙarancinsu, sau da yawa maƙwabci bai san abin da ke gudana cikin gidansu a waɗannan makonni ba, shugaban ma'aikata ma haka.

Kafin idin akwai azumin kwana 40, ban da ranakun Lahadi. Yana farawa ran Larabar toka, inda ake shafa wa kowa toka a goshi domin ya tuna daga ƙasa ya fito, cikinta kuma zai koma. Azumin nan ba irin na Ramalana ba ne, domin ba a hana shan ruwa ba. Sai dai a ranar farko da Juma'ar ƙarshe baligi ba ya cin cikakken abinci fiye da sau ɗaya, kuma kowace Juma'a tukunya ba ta ganin nama. Abin da aka rage daga bakin iyali, sadaka ake yi da shi. Da dare maigida ya tara uwargida da yara, a karanta Linjila, a ja carbi. Duk wannan ana iya yin sa a tsakar gida, ba sai da izinin kowa ba.

Makon ƙarshe ne ba ya yiwuwa a gida. Ran Alhamis da yamma fada yana wanke ƙafafun mabiya, ran Juma'a ana tuna gicciye Almasihu bisa ga imaninsu, a bi matakai 14 na hanyar gicciye, ran Asabar da dare a hura sabuwar wuta, a kunna babban kyandir, a yi wa manya baftisma, kana a wayi gari da idi. A addininsu fada kaɗai ke da ikon gabatar da babbar addu'ar da suke kira Mes, kuma wajibi ne kowane mabiyi ya karɓi jibin Ubangiji aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista. Fadoji kuwa ƙalilan ne. Tun da aka kafa diyosis ɗin Maraɗi a 2001, ƙasarsa ta haɗa da jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa, fili mai faɗin da ya fi ƙarfin ƴan mutanen da ke kula da shi. Iyalin da ke son cikakkiyar ibadar makon, idan fada bai samu zuwa ba, sai su kama hanyar Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100.

A nan ne maganata take da magabata. Litinin ɗin da ke bin Ista ta daɗe cikin ranakun hutu na ƙasa, amma Juma'ar da ta gabace ta ranar aiki ce, alhali ita ce mafi nauyi a wurinsu. Darektan makaranta ko shugaban asibiti da ya san haka tun da wuri yana iya gyara jerin aiki, ya sauya wa mutum rana, ba tare da an ci kuɗin gwamnati ko dala ɗaya ba. Sau nawa muka ga ma'aikaci Kirista ya riƙe gadin asibiti ranar Sallar Layya domin abokan aikinsa su je idi? Ramuwar wannan ba ta da wuya.

Wani zai ce mutum nawa ne, har da za a ɓata takarda a kansu. Ƙarancin nasu ne ya sa abin ya zama da sauƙi, shi ne kuma ya sa suke jin nauyin roƙo. Waɗanda suka ga yadda aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ba su manta ba, kuma mai irin wannan tunani ba ya saurin buɗe baki gaban shugabansa. Shugaban ne ya kamata ya fara tambaya.

A 2025 azumin biyu sun haɗu, Larabar toka ta faɗo ran 5 ga Maris, kwanaki kaɗan da kamawar Ramalana. A 2027 ma za su sake haɗuwa cikin Fabrairu, Ista kuma za ta kama ran 28 ga Maris. Juma'ar da muke magana a kanta ita ce 26 ga wata, kuma da sauran lokacin da za a rubuta ta cikin jerin aiki.