Safar matsi a ƙarƙashin kayan aiki: wa za ta amfana, wa za ta cutar?



Motsa jiki na ƙara samun karɓuwa a Gombe. Bayan sallar asuba za ka ga masu sassarfa a gefen titi daga nan Barunde har wajen filin wasa na Pantami, ƙarfe takwas kuma kowa ya yi wanka, ya sa kaftani ko kwat, yana bakin aikinsa. Irin waɗannan ne suka fi yi mini tambaya a kantin magani game da doguwar safar nan mai matse ƙwauri da suke gani a ƙafar 'yan tsere. Shin tana rage tsamin jiki? Kuma za a iya wuni da ita a ofis?

Ga yadda take aiki. Jinin da ya sauka ƙafa hawa yake yi kafin ya koma zuciya, kuma naman sharaɓa ne ke tunkuɗa shi sama duk lokacin da muka taka. Idan mutum ya daɗe a tsaye ko a zaune, wannan famfo yakan yi barci, jini ya taru a ƙasa, ƙafa ta yi nauyi, takalmi ya matse da yamma. An saƙa safar matsi yadda za ta fi kamawa a idon sawu, matsin ya riƙa raguwa zuwa gwiwa, don ta taimaka wa jinin ya hau. Safar ƙwallo ba haka take ba. Ita robar bakinta ce ke kamawa a sama, wato akasin abin da ake nema ke nan.

Tun asali kayan asibiti ce, ta masu kumburarrun jijiyoyi a ƙafa da waɗanda aka yi wa tiyata. 'Yan wasa daga baya suka ara. Paula Radcliffe ta Ingila tana sanye da irinta lokacin da ta kafa tarihi a gudun yada-ƙanin-wani na Landan a 2003, inda ta ci kilomita 42 cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25. Kada dai wannan ya ruɗi kowa. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne safar ba ta ƙara wa mutum wani gudu na a zo a gani. Amfaninta yana bayan an gama ne: takan ɗan rage tsamin naman da ke tashi kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye mai tsanani. Ɗan ragi na ce. Wanda ya yi barcin awa huɗu, bai sha ruwa ba, bai karya kumallo ba, babu safar da za ta fisshe shi.

A ganina ma, ma'aikaciyar jinya da ke wuni tana zagaya gadaje, da malamin da ke tsaye gaban allo, da telan da ke zaune kan keke tun safe, sun fi mai gudun rabin awa buƙatarta. Haka maniyyaci da zai shafe awanni a kujerar jirgi zuwa Jidda.

Idan za ku saya, ku duba lambar da ke jikin kwali. Ana rubuta ta da ma'aunin nan na hawan jini, mmHg. Mai 15–20 ta ishi lafiyayyen da ke son wuni da ita. Mai 20–30 gara a sa ta da shawarar ma'aikacin lafiya, daga 30 zuwa sama kuwa sai likita ya rubuta. Ba da lambar takalmi ake zaɓe ba. Ku ari tef ɗin awo na tela, ku auna kewayen idon sawu da wurin da sharaɓa ta fi kauri, da safe kafin ƙafa ta kumbura, sannan ku gwada da jadawalin da ke bayan kwalin. Ta gwanjo ba na ba da shawararta ko kaɗan, domin robar ta riga ta saki, kuma ba wanda zai iya gaya muku matsin da ya rage mata. Sabuwar ma kan saki bayan wata uku zuwa shida idan ana sa ta kullum.

Batun sutura bai da wuya a wurinmu. Wandon kaftani da zani da abaya duk suna rufe ta. Mai kwat ya nemi baƙa ko ruwan toka, ba wanda zai bambanta ta da safar ofis. Mai tsayawa a ƙasan gwiwa ta wadatar, ku bar tazarar yatsu biyu tsakanin bakinta da lanƙwasar gwiwa. Abin da na fi gani ana yi, kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne naɗe bakinta idan ta yi tsawo. Naɗin nan yakan zama kamar an ɗaure ƙafa da igiya. A sa ta da safe, a warware duk wata tattara, a cire kafin a kwanta barci.

Sai zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kaiwa digiri 40, wuni da safa cikin takalmi sau-ciki na iya jawo ƙaiƙayi da cin ruwa a tsakanin yatsu. Ku mallaki biyu kuna sauyawa, ku wanke da hannu, ku shanya a inuwa, kada a kai ta wajen mai guga. Man shafawa a bari sai dare, domin maiƙo na lalata robar.

Alwala ita ce tambayar da ba a rubuta amsarta a kwali ba. Cire safar matsi da mayar da ita a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa lokacin azahar da la'asar aiki ne ja. Hukuncin shafa a kan safa na malamai ne, ku tambaye su. Abin da zan iya cewa ta ɓangarena shi ne a ajiye ɗan tawul a ofis, a tsane ƙafa sarai kafin a mayar. Akwai kuma wadda ke rufe ƙwauri kawai ta bar ƙafa a buɗe. Tana sauƙaƙa alwala, amma an yi ta ne don lokacin gudu, kuma idan aka wuni da ita a zaune ƙafar kan kumbura a ƙasanta.

Yanzu ga waɗanda bai kamata su sa ta da ra'ayin kansu ba. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba zai ji idan safar na cin fatarsa ba, sai dai a wayi gari da gyambo. Wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, irin wanda sharaɓarsa ke ciwo idan ya yi tafiya ta lafa idan ya tsaya, matsi zai ƙara masa matsala. Haka mai ciwon zuciya da mai rauni ko ƙuraje a ƙafa. Kowa ma, in ya ji yatsu sun yi sanyi, sun sauya launi ko suna tsira kamar allura, ya cire nan take.

Kafin na sayar wa mai kumburin ƙafa safa, nakan tambaye shi magungunan da yake sha. Amlodipine, da ake yawan ba masu hawan jini, yana kumbura idon sawu. Ibuprofen da diclofenac, da masu atisaye ke haɗiya kamar gyaɗa, suna riƙe ruwa a jiki, suna kuma wahalar da ƙoda. Kada ku daina maganin hawan jini da kanku, ku koma wa likitan da ya rubuta, akwai wanda zai iya canza muku. Mai juna biyu da kumburinta ya kai fuska da hannu, ga ciwon kai, awon jini take buƙata a ranar.

Idan kuwa ƙafa ɗaya ce tak ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, tana ciwo, musamman bayan doguwar tafiya, haihuwa ko tiyata, yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma yakan ɓalle ya tafi huhu. Kada a matsa ta, kada a kai wa mai tausa, kada a sa safa. A nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru a ranar. In har da numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, a tafi ko da tsakar dare ne.