Kafin Ka Sayi Hitar Gas Ta Tanti, Fara Tambayar Yadda Take Kashe Kanta

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: matashi a dajin Kanada ko tsaunukan Amurka, ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, ya shige tanti, ya kunna wata 'yar hita mai aiki da gas ɗin propane, ya ja bargo yana murmushi. A ƙasan bidiyon kuma ga wurin da za ka latsa ka saya. Ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashen sanyi suna ganin abokansu na fita kwanan daji da ita, mu kuma a nan da yatsa ɗaya za mu iya yin odarta daga AliExpress ko Temu.

Ra'ayina a kan wannan na'ura a fili yake. Hitar da ba ta kashe kanta idan iska ta lalace ko ta faɗi, ba ta cancanci shiga tanti ba, ko da kyauta aka ba ka. Wadda take kashe kanta ma, ba a barci da ita a kunne.

Masu talla sun fi son ka kalli lambar BTU, wato ma'aunin yawan zafin da na'urar ke fitarwa. Ga tanti, wannan lamba ce mafi sauƙin cikawa. Little Buddy ta kamfanin Mr. Heater tana ba da BTU 3,800, kuma ta ishi ƙaramin tanti. Yayarta Portable Buddy tana ba da 4,000 zuwa 9,000. Duk abin da ya haura haka a cikin ɗakin leda mai kwanan mutum biyu, ƙarin cin iskar da kake shaƙa ne da ƙarin haɗarin gobara.

Matsalar tana cikin yadda gas ke ci da wuta. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. Idan oksijin ya wadata, propane yana ƙonewa tas, ya bar tururin ruwa da iskar da mu ma muke fitarwa a numfashi. Idan ya ragu, kamar yadda yake faruwa a tantin da aka zuge ko'ina, wutar takan fara fitar da kabon monoksayid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana maƙale wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Hukumar CDC ta Amurka ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa duk shekara a ƙasar saboda shaƙar ta bisa kuskure, ban da waɗanda gobara ta ritsa da su. Mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: ita ce ke kashe iyali idan aka kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko aka shigo da janareta cikin gida.

Abubuwa uku da za ka duba a jikin kwali

Na farko shi ne abin da ake rubutawa ODS, wato mai lura da raguwar oksijin. A matsayina na mai rubuta manhaja, tsarinsa yana burge ni saboda babu layin umarnin kwamfuta ko ɗaya a cikinsa. Akwai wani ɗan harshen wuta da ke lasar wani siririn ƙarfe. Zafin yana haifar da 'yar wutar lantarki da ke riƙe ƙofar gas a buɗe. Da oksijin ya sauka zuwa wajen kashi 18, harshen wutar sai ya janye daga ƙarfen, ƙarfen ya huce, ƙofar ta rufe. Babu batirin da zai mutu, babu sabuntawar da za ta zo da matsala. Idan wani abu ya lalace, na'urar mutuwa take yi. A aikinmu, tsarin da ke tsayawa cak idan ya samu matsala shi ake ba amanar rai.

Na biyu, makunnin da ke yanke gas idan hitar ta karkace ko ta faɗi. Ƙasan tanti ba siminti ba ne, kuma ƙafa ɗaya cikin duhu ta isa ta ture ta kan jakar barcin da ke narkewa kamar leda.

Na uku, rubutu ƙarara cewa an amince a yi amfani da ita a rufaffen wuri, tare da hatimin wata hukumar gwaji da aka sani, kamar CSA. Irin hitar nan mai kama da faranti da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas, ta waje ce zalla. Haka murhun girki: kada a mai da shi abin ɗumama tanti. Idan shafin mai sayarwa bai ambaci ODS ba, ka ɗauka babu. Araha ba ta ado.

ODS ba ya jin kabon monoksayid

A nan ne na saɓa da masu cewa tunda hita tana da ODS, an gama magana. Oksijin yake lura da shi kawai. Idan ƙura ta toshe bakin wutar, hitar na iya fitar da guba alhali oksijin bai sauka inda zai kashe ta ba. Shi ya sa nake ganin kuɗin hita bai cika ba sai an haɗa da ƙararrawar kabon monoksayid mai batir, wadda ke ɗauke da lambar UL 2034 ta Amurka ko EN 50291 ta Turai. Kuma a kula: wayarka ba ta da abin gano wannan iska. Duk manhajar da ta ce za ta auna maka ita da waya kaɗai, yaudara ce.

Wani zai ce ya sha kwana da hita a kunne kuma ga shi da ransa. Gaskiya ne, tanti yana da ƙofofin iska fiye da ɗaki. Sai dai ƙanƙara ko ruwan sama na iya toshe su cikin dare, kuma alamomin gubar, wato ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci ba ya jin su. Littafin da kamfanin Mr. Heater ke sakawa a kwali shi da kansa ya hana amfani da ita lokacin barci. Ka ɗumama tantin kafin kwanciya, ka kashe, ka sake kunnawa da asuba. Tsakanin lokutan biyu aikin jakar barci mai kauri ne, da shimfiɗar da za ta raba ka da sanyin ƙasa, da hula da safa.

Idan tana kunne, ka bar kafar iska a sama da ƙasa. Yin haka yana rage laima ma, domin kilo ɗaya na propane yana fitar da ruwa sama da kilo ɗaya da rabi, shi ne raɓar da ke ɗiga daga rufin tanti. Ka nisanta ta da bangon tanti da kayan sawa. Ka shafa kumfar sabulu a mahaɗar tukunya, idan ta yi ƙwai to gas na yoyo. Propane ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, daidai inda kanka yake, don haka tukunyar da ba a amfani da ita waje take kwana.

Sai batun irin gas ɗin. Butane yana daina tashi idan sanyi ya kai wajen digiri 0, propane kuwa yana aiki har kusan digiri 42 ƙasa da sifili. Ƙaramar tukunya mai gram 450 ba ta wuce awa uku idan an ƙure Portable Buddy. A wurare masu tsayin da ya haura mita 2,100 kuma, hitar na iya riƙa mutuwa da kanta saboda ƙarancin iska. Kada ka bi bidiyon da ke koya yadda ake toshe ODS don magance hakan.

Idan kuɗinka bai kai na hita mai waɗannan kariya da ƙararrawa tare ba, ka zuba shi a jakar barci mai kyau. Idan kuma wani a cikin tanti ya fara ciwon kai ko jiri alhali hita na ci, a kashe ta, kowa ya fita iska nan take, a nemi asibiti.