Kifin Garaya: Wurin Cin Abincinsa Ya Zama Tarkonsa

A wannan mako za mu gangara bakin teku ne, domin mu duba wani kifi da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Turawa sun laƙaba masa sunan jita saboda siffarsa, mu kuwa sai mu kira shi kifin garaya: kansa faffaɗa ne mai tsinin baki, jelarsa doguwa kamar ta kifin shak. Ba shi da ƙashi sai guringuntsi, wasu irinsa kuma kan kai tsawon mita 2. Ana samunsa daga Bahar Rum har gaɓar Afirka ta Yamma, zuwa Angola.

Shi wannan kifi ba ya son zurfi. Yakan kwanta a gindin ruwa kusa da gaɓa, ya binne jikinsa cikin yashi, idanu kaɗai a waje. Tun da bakinsa a ƙasa yake, da ta nan yake jan ruwa, da yashi ya shaƙe shi. Saboda haka akwai wasu ƙofofi biyu a bayan idanunsa da yake jan ruwan numfashi ta cikinsu.

Abincinsa kuwa ƙaguwa ne da jatan lande da tsutsotsin ruwa da ƙananan kifaye, da kuma halittu masu kwasfa irin su dodon koɗi. To, yaya yake gano abin da ke ɓoye cikin yashi, alhali idanunsa na sama? A ƙarƙashin kansa akwai waɗansu 'yan ramuka masu jin ɗan ƙarfin lantarkin da jikin kowane mai rai ke fitarwa. Da zarar ya ji, sai ya danne abin da faffaɗan kansa, ya jawo shi baki. Haƙoransa ƙanana ne masu dakushi, a jere kamar daɓe, da su yake murƙushe kwasfa kamar yadda dutsen niƙa ke yi wa dawa.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Wurin da yake kiwo, nan ne jiragen kamun jatan lande ke jan komarsu, nan ne kuma masunta ke kafa taru. Kifin da cikinsa ya ɗaure shi a gaɓa ba shi da wurin gudu. Fukafukansa na da tsada a kasuwannin Asiya, inda ake yin miya da su, namansa kuma ana barbaɗa masa gishiri a shanya, a kai kasuwannin Gana. Ga shi ba ya zuba dubban ƙwai kamar tarwaɗa. 'Ya'ya kaɗan yake haifa a raye, kuma sai ya shekara da dama kafin ya fara haihuwa.

A 2019 masana suka bayyana cewa iri 15 cikin 16 na manyan kifayen garaya da danginsu na kusa suna dab da ƙarewa. A shekarar ce aka sa wa cinikinsu tsakanin ƙasashe takunkumi a taron Janiba. Muritaniya ma ta hana farautarsu a gandun Bank Dargin tun 2003. Mu da ke da gaɓa mai tsawon kilomita fiye da 800, ya kamata hukumominmu su kiyaye wuraren kiwonsa tun kafin ya zama labari. Sai mako mai zuwa.