Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Magana a Kan Tsirkiyar Jitar Bes

Daga wani ɗalibi, ɗan Sule Tankarkar

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, na san akwai waɗanda za su ga kan wannan maƙala su ja tsaki, su ce ƙasa tana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, shi kuwa wannan ya zo yana yi mana zancen wayoyi huɗu da ake ɗaura wa jita. To, su yi haƙuri su karanta. Ciwon da ke sa saurayi ya sayi tsirkiyar da ba ta dace da ƙasarsa ba, shi ne dai ciwon da ke sa babban ma'aikaci ya sa hannu a sayo injin da babu mai iya gyara shi a duk faɗin jiha, watau ɗaukar cewa duk abin da aka yaba a Turai, a nan ma shi ne daidai.

Ra'ayina a fili yake. Duk mai kaɗa jitar bes a ƙasar Gumel, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa da Maigatari, da ma duk inda yanayi ya yi kama da namu, tsirkiya mai sulɓi ce ta dace da shi. Rububin da samarinmu ke yi a kan mai kaushi kuwa, kwaikwayo ne kurum na rashin tunani, kuma yana cin kuɗin da ba mu da su.

Bari in yi bayani domin wanda bai taɓa riƙe jita ba. Tsirkiyar bes waya biyu ce a haɗe: akwai ta ciki, ta ƙarfe, wadda ke ɗauke da ɗauri, sannan akwai wadda aka nannaɗe a kanta domin ta ƙara mata nauyi. Wannan nauyi shi ke ba da kaurin murya, har ta kai tsirkiyar da ta fi kauri tana girgiza kamar sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya. In wayar naɗin zagayayyiya ce, sai bayan tsirkiyar ya yi kaushi, da 'yan kwaruruka tsakanin naɗi da naɗi. Ita ce Turawa ke kira rawun. In kuwa wayar naɗin faffaɗa ce kamar zirin ƙyalle, sai naɗin ya haɗe sumul, yatsa ya bi ta kai ba gargada. Ita ce filat. Mai kaushi tana da ƙara mai kaifi da amo mai tsawo. Mai sulɓi muryarta a dunƙule take, tana fita da nauyi ta kuma yanke da wuri, kamar bugun ganga.

Masu cewa mai sulɓi ta tsofaffi ce, ya kamata su san tarihin abin da suke rainawa. Sa'ad da Leo Fender ya fito da jitarsa ta Precision a Amurka cikin 1951, mai sulɓi aka ɗaura mata, kuma da ita aka yi kiɗan bes na shekaru masu yawa. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun faya-fayan kamfanin Motown na birnin Ditiroyit, masu sulɓi na La Bella yake ɗaurawa, masu kaurin gaske, kuma an san shi da barin su shekara da shekaru bai sake ba. Aston Barrett, mai bes ɗin Bob Marley, wanda samarinmu ke rausaya kai in sun ji shi, shi ma mai sulɓi ce a hannunsa. Ita mai kaushi ta sami karɓuwa ne bayan 1966, lokacin da John Entwistle na ƙungiyar The Who ya haɗa kai da kamfanin Rotosound na Ingila suka inganta ta. Dalilinsa kuwa sananne ne: yana kiɗa ne a tsakiyar jita mai tsawa da ganguna masu hargowa, yana neman ƙarar da za ta keta wannan hayaniya. Ya dubi matsalarsa ya nemo mata magani, ya kuma kyauta. Mu fa, matsalarmu ke nan?

Mu fara da yanayi. Duk wanda ya yi hunturu a iyakar nan tamu da Nijar ya san yadda ƙura ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. In bazara ta kama, zafi yakan haura digiri 40, mai kiɗa kuwa ba ya rabuwa da gumi. Ƙura da gumi da maiƙon hannu, duk a cikin kwarurukan tsirkiya mai kaushi suke taruwa, su daskare, su hana ta girgiza yadda ya kamata. Kaifin da aka saye ta dominsa yakan dushe cikin 'yan makonni ko watanni kaɗan, sai a wayi gari ga kaushin yana nan yana cin yatsa, ƙarar kuwa ta tafi. Ina amfanin baɗi ba rai? Mai sulɓi ba ta da ramukan da datti zai maƙale sosai. Ƙyalle busasshe ya ishe ta bayan an tashi daga wasa, kuma da yake tun farko ba don kaifi ake son ta ba, tsufa ba ya rage mata daraja.

Sai maganar aljihu. Gaskiya ne mai sulɓi ta fi tsada a kanti, wani lokaci har ninki biyu, kuma da wannan ne masu sayen kayan ƙungiyoyin ɗalibai ke kafa hujja. Amma ai arha ba ta ado. Wanda ke zaune a Sule Tankarkar, in tsirkiyarsa ta mutu, sai ya nufi Kano, tafiyar fiye da kilomita 100, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya shiga Sabon Gari yana fatan kada a haɗa shi da jabu, domin jabun tsirkiya ya yi yawa a duniya har kamfanin D'Addario ya riƙa buga lambar tantancewa a jikin ƙunshin kayansa. Mai yin wannan tafiya sau uku ko huɗu a shekara, da mai yin ta sau ɗaya a shekaru uku, wane ne ya yi tattali? Daɗin daɗawa, mai kaushi, musamman ta ƙarfe marar tsatsa, tana goge 'yan ƙarafan da ke jere a wuyan jita kamar yadda zarto ke cin ƙarfe. In sun cinye, wa zai sake maka su a Gagarawa? Wasu kan tafasa tsohuwar tsirkiya a ruwa domin kaifinta ya dawo. Yakan dawo na ɗan lokaci, amma ruwan da ya maƙale a ciki tsatsa yake gayyatowa.

Hujjar da ta fi waɗannan nauyi a wurina ita ce ta kunne. Kiɗan Hausa bawan magana ne. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi zamaninsa da kalangu, kuma kalangu bai taɓa danne masa harshe ba. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, haka abin yake: tsirkiya tana rakiya, baki yana isar da saƙo. Harshenmu kuma na karin sauti ne, hawa da saukar murya suna sauya ma'anar kalma, saboda haka duk abin da ya cunkushe sararin da muryar mawaƙi ke yawo, ya ɓata waƙa. Tsirkiya mai kaushi, da ƙarar yatsa da ƙyal-ƙyal ɗin ƙarfe da take fitarwa, tana hawowa cikin wannan sarari tana gogayya da mawaƙi da kalangu. Mai sulɓi takan zauna can ƙasa, inda babbar ganga ke zama, ta riƙe wa kowa gindi. Wanda bai san gurbinsa a taro ba, ko ya fi kowa ado, ɓata taro yake yi.

Na san abin da abokan gardama za su ce. Za su ce salon marin tsirkiya da babban yatsa, wanda Larry Graham ya shahara da shi, ba ya fita sosai sai da mai kaushi. Wannan gaskiya ne, kuma wanda sana'arsa ke nan, ya sayi abarsa, ya fi masa kyau ma ya nemi mai rufin nikel, wadda ta fi sauƙi ga yatsa da ƙarafan wuya. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a cikin waƙoƙi goma da ake yi a dandalin makaranta ko wajen biki, nawa ne ke bukatar wannan salo? Za su kuma ce ai yanzu akwai mai kaushi da aka lulluɓe da siririyar roba, irin wadda Elixir ya fito da ita a 1997, wadda datti ba ya shiga. Akwai ta, tana kuma daɗewa, sai dai tsadarta ta kai ta mai sulɓi ko ta wuce, kuma ba ta warware maganar kunne ba. Na uku, za su ce mai sulɓi tana da tauri a hannu. Maganin wannan shi ne a zaɓi marar kauri sosai.

Ga wanda ya yarda da ni, ga abin lura kafin ya miƙa kuɗinsa. Lambobin da ke jikin kwali, kamar 45 zuwa 105, kaurin tsirkiya ne a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Tsirkiyoyi huɗu masu wannan kauri suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, watau kamar a rataya masa ƙaton mutum dare da rana. Yawancin jitocin da ke hannunmu na gwanjo ne, katakonsu kuma yana shan wahalar bushewar hunturu, saboda haka kada a kwaikwayi Jamerson wajen kauri. A tsaya a 40 zuwa 100, ko 45 zuwa 100, in an sauya kuma a sa wanda ya iya ya daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan. A kuma auna tsawon jita tukuna: yawanci inci 34 ne daga matokarar sama zuwa ta ƙasa, amma akwai gajeru masu inci 30. In aka ɗaura doguwar mai sulɓi a gajeriyar jita, har kaurin jikinta ya nannaɗu a kan maɗauri, tana iya tsinkewa tun ranar farko.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, yatsa ɗaya yana yin aikin makaɗa biyar. Duk jitar bes da aka jingine a lungun ofishin ƙungiya domin tsirkiyarta ta mutu kuma babu kuɗin sabuwa, gurbinta fiyano zai cike, yaron da zai koya a kanta kuma ya tafi ke nan. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwani da fata da waya guda ya haɗa kuntiginsa, ya kuma zaga duniya da shi. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya ƙera jitarsa ta farko, yau ga shi yana cika dandali a Amurka da Turai. Waɗannan mutane sun dubi abin da ƙasarsu ta ba su, suka yi aiki da kunnensu. Mu da muke taƙama da boko, abin kunya ne a ce hoton da ke jikin kwali ne ke yi mana zaɓi.

Saboda haka ina kira ga sakatarorin wasanni da ma'ajin kowace ƙungiyar ɗalibai, da ma'aikatan da ke kula da harkokin matasa a ƙananan hukumominmu: in za a fitar da kuɗin jama'a a sayi tsirkiya, a zauna da masu kaɗawa, a tambayi irin kiɗan da za a yi, da wurin da za a yi shi, da ranar da za a sake samun wasu kuɗin. In aka amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya, na tabbata mai sulɓi za a sayo. Wanda kuma yake da ja, shafin nan a buɗe yake, sai ya kawo hujjarsa mu gani.