Gida a kan taya: Rayuwa daga zango zuwa zango

Na san da yawanku kun sha cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko YouTube: mutum ya buɗe ƙofar mota, ga gado, ga murhun gas, ga banɗaki, ta taga kuma ana hango tafki da duwatsu. Sai ka ji ana cewa, "Kai, wannan ya huta!" To, yau za mu duba abin da kyamara ba ta nunawa.

Amurkawa na kiran irin wannan mota RV, kuma mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Wasu lokacin hutu kawai suke hawa, wasu kuwa ba su da gidan da ya wuce ta. Suna kwana ne a filayen da aka tanada domin masu sauka, kwatankwacin zangon fataken da, inda ayari kan sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba. Abin da na fahimta shi ne, duk wanda ya zaɓi wannan rayuwa, lissafi ne abincinsa.

Mu fara da ruwa. Motar na ɗauke da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. A matsakaiciyar mota, tankin ruwa mai tsabta kan ɗauki lita 150 ko kusa da haka, wato jarka shida mai cin lita 25. Da shi za a sha, a yi girki, a yi wanka. Shi ya sa mai wanka kan jiƙa jiki ya rufe famfo, ya shafa sabulu, sannan ya buɗe ya ɗauraye. 'Yan makarantar kwana sun san wannan dabara. Idan tankin bayan gida ya cika kuma, mai motar ne da kansa zai sa safar hannu, ya ɗaura tiyo, ya juye ƙazantar a ramin da aka keɓe. Ba a cika sa wannan a bidiyo ba.

Sai wuta da mai. A zangon da ake biyan kuɗi, akwai inda za ka jona wuta da ruwa. A daji kuwa sai sola da batir, ko janareta, don haka ranar da hadari ya rufe rana dole a zaɓa tsakanin firiji da kwamfuta. Manyan motocin kuma ba sa wasa da mai, lita ɗaya kan kai su kilomita uku zuwa huɗu ne kacal. Tsohuwar hanyar nan mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Cikago zuwa Kalifoniya, ta kai kimanin kilomita 3,900. Ku buga da kanku, za ku ga man zuwa kawai ya kai kusan lita 1,000 ko fiye.

Kwanaki ma ƙirga su ake yi. A yammacin Amurka akwai filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su, inda ake sauka kyauta, amma a yawancinsu ba a wuce kwana 14 a wuri ɗaya. A shahararrun wurare irin su gandun Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, sai ka kama wuri ta intanet tun watanni kafin zuwanka. Da sanyi ya kawo jiki, mutane kan gangara kudu. Ƙaramin garin Quartzsite da ke hamadar Arizona kan cika maƙil da dubban motoci a watan Janairu, da zafi ya fara kuma kowa ya kama gabansa.

Akwai kuma batun adireshi. Lasisin tuƙi da inshora da rajistar zaɓe duk sai da shi. Saboda haka da yawa kan yi rajista a jihohin Dakota ta Kudu ko Teksas ko Fulorida, su biya wani kamfani ya riƙa karɓar musu wasiƙu yana tura musu inda suke.

Yaran da ke cikin motar fa? Doka ta yarda iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida a duka jihohin Amurka 50. Teburin da ake darasi a kai da safe, shi ake naɗewa ya zama gado da dare. Yaron zai ga tarihi da labarin ƙasa da idonsa, wannan riba ce babba. Sai dai abokin da ya yi yau, bayan mako biyu sun rabu. Ku tuna aminanku na aji, ku auna.

Ba kowa ne ya shiga motar don marmari ba. A 2017 'yar jarida Jessica Bruder ta fitar da littafin Nomadland, kan dattawan da karayar tattalin arziki ta 2008 da tsadar haya suka raba da gidajensu. Suna bin aikin ƙwadago na ɗan lokaci, yau a rumbunan kaya na Amazon, gobe a gonar gwozar sukari, jibi suna gadin zango. Fim ɗin da aka yi daga littafin ya ci kyautar Oscar a 2021. Ga irin waɗannan mutane, ranar da injin ya buga, mota da gida ne suka tafi wurin bakanike lokaci ɗaya.

Ƙannena, sha'awar ganin duniya abu ne mai kyau, tafiya mabuɗin ilimi. Amma idan kun ga rayuwar wani ta burge ku a waya, ku tambaya: nawa take ci, wa ke biya, wa ke kwashe sharar? Ga aikin wannan mako: ku ƙirga litar ruwan da kuke kashewa a rana ɗaya, sannan ku gano kwana nawa jarka shida za ta yi wa gidanku. Ku aiko mana da amsa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.